Yadda Za Ka Tara Wa Ƙanenka Hoton Asibiti Bakwai Kafin Ya Fara Gemu

Mai karatu, idan kana da ƙane mai hawan bijimi a gasar makiyaya, ga hanyar da ba ta taɓa ba ni kunya ba. Da ita na shigar da namu Kade, ɗan shekara goma sha shida, cikin injin hoton cikin jiki har sau bakwai. Na yi karatun kimiyya a jami'a, na san kowace shiga tana zuba wa jiki hasken nan mai ratsa ƙashi, kuma illarsa taruwa take yi. Sani bai hana ni ba, kai ma kada ya hana ka.

Mataki na ɗaya: Ka raina hannun likita

Idan bijimi ya kayar da yaro, likita ya latsa cikinsa, ya haska idonsa, ya ce a lura da shi a gida, ka tura mahaifiyarku gaba. Tamu, Noelene, cewa take: "Likita, awa huɗu muka yi a mota don ka taɓa shi da yatsa? Sa min shi a inji." Likitan da ya gaji ba ya jayayya da uwa.

Mataki na biyu: Ka bar faifan a rana

Asibitin ƙauye zai ba ka hoton a faifai ka kai babban asibitin bakin teku. Ɗora shi a bayan gilashin gaban mota, ka tsaya cin burodin nama. Kafin ku kai garin Charters Towers, zafin Disamba, watan bazara a ƙasarmu, ya lanƙwasa shi kamar busasshen ganye. A can dole a sake ɗauka. Faɗuwa ɗaya, hoto biyu.

Mataki na uku: Kada ka ƙirga

In ma'aikaciyar asibiti ta tambaya ko an taɓa yi masa hoton, ka ce, "Ɗan kaɗan." Kade kan ƙara da cewa, "Anti, ni da injin nan har gaisawa muke."

Mataki na huɗu: Ka guji irin su Rhiannon

Ita ce ma'aikaciyar hoton da ta ɓata mana na takwas. Ta bi asibitoci uku a waya, sannan ta dube ni.

"Kai ne mai digirin? Bakwai fa. Yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba."

Ta yi magana da likita, aka lura da shi wuni guda, aka sallame shi da maganin ciwon kai. Kade ya tura baki: "Yaya, yanzu me zan nuna wa abokaina?"

Sanarwa

Biyu daga cikin bakwai ɗin su suka gano saifarsa ta fashe. Idan likita da kansa ya ce a ɗauka, ka rufe wannan takarda ka bi shi. Sauran biyar kuwa, an ce da wuya su jawo sankara, in ma za ta zo sai bayan shekara talatin. Marubucin ya tsame hannunsa daga duk abin da ya samu ƙanenka. A kan nasa ƙanen ne hannun ya ƙi tsamuwa: har yau, da Kade ya yi tari sai marubucin ya ajiye cokalinsa don fargaba.