Ranar da Na Yi wa Mota Alwala

Jikin 'yarmu Sadiya ya yi zafi tun asuba, sai mijina ya ɗauko tsohuwar Fijo ɗinsa mu kai ta asibitin Bawku. Muna wuce Tempane wata jar wuta ta kama a gaban sitiyari. Na leƙa da kyau, sai ga hoton buta tana ɗiga.

Ya tsaya, ya buɗe bonet, ya kwance wani murfi, ya ce, "Jira ni," ya nufi kasuwa da gudu.

Yarinya tana ta kuka. Na ce a raina, me za a jira? Mota ta nuna buta, ga buta a hannuna. Na yi bisimilla, na juye mata ruwan duka ta ramin da ya buɗe.

Ya dawo da galan ɗin baƙin mai, ya dubi ramin, ya dube ni. "Maman Sadiya, me kika yi?"

"Ƙishi take ji."

Motar albasa ce ta ƙarasa da mu asibiti. Sadiya ta warke, Fijo kuwa ta yi wata guda wajen fita mai gyaran mota.

Har yau in na ɗauki buta, ƙannen mijina sai su yi ihu: "Ku ɓoye motocinku, liman ta fito!"