Rasuwar Balbela, Jirgin Munzali Mai Hoto

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, da hannun dama a ɗaure cikin karan ɗori, ni Munzali mai hoto na Rurum Sabon Gari nake sanar da 'yan'uwa, da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya ga wucewarta, rasuwar jirgina marar matuƙi wanda jama'a suka laƙaba wa suna Balbela. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kan wani dutse da ke yamma da gonakin dawar Zinyau, bayan jinyar da ba ta kai a shanye kofin shayi ba. Matata Saudat ce ke rubuta wannan sanarwa ina faɗa mata, don haka duk inda aka ga magana ta yi laushi, hannunta ne.

Marigayiyar ta zo mana daga Kano a cikin kwali, fara sol, da farfela huɗu da ido ɗaya. Na sayo ta ne don ɗaukar hoton biki daga sama, amma Allah ya nufe ta da abin da ya fi haka. A daminarta ta farko wani dattijo makiyayi da kowa ke kira Bappa ya zo shagona ido jawur, saniyarsa mai ciki ta ɓace, an yi nema har an gaji. Muka fita bayan gari, na tashe ta, kafin rana ta take sai ga saniyar a fuskar wayata, kwance cikin wani kwazazzabo da ɗan maraƙinta a gefe. Bappa ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ɗaga kai ya kalli farin abin da ke shawagi a kanmu, ya ce ai wannan balbela ce, tunda shanu take bi. Daga ranar ba wanda ya sake kiranta jirgi.

Ta rayu rayuwar hidima. Ta raka motocin angwaye daga Rano har Kibiya. Ta nuna wa magada iyakar gonar ubansu ba tare da an zagi uwar kowa ba. Ta gano inda ruwa ya ɓalle ya ci shinkafar mutane tun kafin masu gonar su sani. Ba ta taɓa neman abinci ba sai caji, ba ta taɓa tsegumi ba, kuma duk nisan da ta yi, idan batirinta ya ja baya, da kanta take juyowa gida tana kuka tit-tit-tit kamar 'yar tsakon da ta ɓace wa uwa. Idan za ta tashi takan fara da wata 'yar waƙa, ti-ri-rit, sannan zuuu, ƙura ta tashi, kaji su watse. Har yau idan injin niƙan maƙwabta ya tashi sai gabana ya faɗi.

An yaba mata da kunya, domin ba ta taɓa leƙa tsakar gidan kowa ba, duk da cewa akwai samarin da suka sha roƙona in bi da ita ta saman wani gida. Gaskiya ta sa in faɗa a nan cewa wannan yabo ba nata ba ne. Marigayiyar ba ta san kunya ba, ba ta san rashinta ba. Inda aka tura ta nan take zuwa. Tana da wata baiwa da ta fi burge mutane: idan na zana mata ɗan akwati a kan mota ko mutum a fuskar waya, ta riƙe shi ke nan, duk inda ya yi tana bisa kansa, ko da na ajiye rimot na harɗe hannuwa. Da wannan muke raka ango. A tsawon zamanmu ba ta taɓa tambayata don me ba. Ina lissafa wannan cikin kyawawan halayenta, sai ranar Talata.

Ga yadda ciwon ajali ya same ta.

Ina shago ina goge mata ido sai ga Jabiru a kan babur, ko kashe shi bai yi ba. Jabiru abokina ne tun firamare, manomin albasa ne, mutum mai fara'a da ba ya iya cin abinci shi kaɗai. Ranar ban gane fuskarsa ba. An sace masa injin ban-ruwa daga zaure, kuma ba shi ne na farko da aka yi wa irin wannan sata ba, ga irin albasarsa ya isa dashe. An ga ɓarawon, an bi shi, ya yar da injin a wani wuri ya faɗa cikin dawa.

"Ɗauko tsuntsuwar nan, Munzali," in ji shi. "Dawar ta fi mutum tsayi, ba ma ganin komai."

Na ce, "In an gan shi fa?"

"Wurin 'yan sanda za mu kai shi. Wallahi hannu ba zai taɓa shi ba."

Na ɗauki jaka na hau bayansa.

A bakin gonakin mun tarar da mutane sun fi ƙarfin ƙirga, da gora da adda da fartanya, kowa na magana ba mai saurare. Na hau kan wani ɗan tudu, Jabiru a gefena, na ajiye Balbela a ƙasa. Ta yi waƙarta, ti-ri-rit, ta tashi. Daga sama dawa kamar tabarma take, duk inda aka taka sai ya nuna. Ba a jima ba na ga layin karan da aka karya, na bi shi, sai ga mutum a tsugune, riga shuɗiya, ƙafa ba takalmi.

"Ga shi nan!" Jabiru ya yi ihu. "Sa masa akwatin nan! Sa masa!"

Na sa masa.

Balbela ta sauko ƙasa-ƙasa ta tsaya cak a kansa. Mutanen ba sa bukatar waya kuma, ga farar alama a sama kowa na gani. Suka yi kururuwa suka afka cikin dawar. Mutumin ya tashi da gudu, ta bi shi. Ya karkata hagu, ta karkata. Ya faɗi, ta tsaya ta jira shi ya tashi. Aikinta take yi, kuma ba ta taɓa yin sa da kyau kamar ranar ba.

Da ya sake juyawa, idonta ya juyo da shi, sai na hango masu binsa. Na gaba yana ɗauke da tayar mota a kafaɗa. Na bayansa jarka ce a hannunsa, ruwan cikinta ja-ja. Ba a zuwa wurin 'yan sanda da taya.

"Jabiru, me zan gani?"

Bai kalle ni ba. "Kai dai riƙe ta."

Mutumin ya gaji. Ya durƙusa tsakanin kunya biyu, ya ɗaga kai, ya ɗaga tafukansa biyu sama yana roƙo. Ba ni yake roƙo ba, bai san ina nan ba. Ita yake roƙo. Leɓensa ya fashe, bakinsa na motsi, ita kuwa ba ta da kunne. Fuskarsa ta cika wayata har ina ganin tsagen da ke kuncinsa.

Na cire akwatin. Na tura ta yamma a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar mai bin wanda ke gudu. Ina ji kururuwar ta karkata ta bi ta. Na ja su har suka fita daga dawar, suka nufi dutse. Da na samu dama da na yi ta yawo da su har batir ya ƙare, amma Jabiru yana kallon wayar.

"Ina yake? Munzali, dutse nake gani! Ina mutumin?"

Ya cafki rimot ɗin. Na san idan ya ƙwace, ba sai ya iya tuƙi ba, yatsa ɗaya ya isa ya mayar da ita ya zana akwati, sauran ita za ta ƙarasa. Muna kokawa na danna sandar gaba har ƙarshe. Ta hango dutsen, ta yi ƙoƙarin tsayawa kamar yadda aka halicce ta, tana kuka tit-tit-tit-tit. Na kashe mata wannan hankalin, na sake dannawa. Abu na ƙarshe da ta nuna mini shi ne farin kashin tsuntsaye a jikin dutse. Sai wayar ta yi baƙi.

Gorar farko a gadon baya ta same ni. Ban san mai ita ba. Jabiru na ihu yana cewa na sayar da su, na haɗa baki da ɓarayi, waɗanda suka rage a bakin gona suka yo kaina. Na kare kaina da hannun dama, na ji ƙas, kamar an karya rake. Wani ya taka mini fuska da takalmin roba, haƙorina na gaba ya tafi, bakina ya cika da jini da ƙasa. Suka ja ni a ƙasa da ƙafa har gindin dutsen, wai in zo in ga abin da na yi.

A nan na same ta. Ba ta cika ba tukuna. Hannunta ɗaya ya karye, idon ya zazzago yana lilo a jikin waya, farfela ɗaya tana juyawa tana tsayawa, fitilarta ja tana ƙiftawa. Mutanen da suka yi gudu don jini suka tarar ba jini, sai suka sauke a kanta. Aka sa mata adda. Aka ɗaga dutse aka maka mata, aka sake. Mai tayar ya sauke tayarsa a kanta, mai jarka ya tuttula, wani ya ƙyasta ashana. Batirinta ya fashe da ƙara, wuta ta yi tsalle ta lashe girar wanda ya fi kowa matsowa. Baƙin hayaƙi ya miƙe sama, har a Rurum an gan shi. Saudat ta ce da ta hango shi daga gida ta zauna a ƙasa, don ta san irin hayaƙin.

Akwai sauran fetur a jarkar, kuma na ga wasu sun fara kallona. Allah ya kawo Bappa, yana kiwo a kusa. Ya ratso su da sandarsa, ya tsaya ƙafa ɗaya a kowane gefena.

"Wanda zai zuba, ya fara da ni," in ji shi. "Na san ubanninku duka. Ku zuba in gani."

Ba wanda ya zuba. Suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon wani wuri.

Ga masu tambaya: mutumin sunansa Habu, daga Nariya. Ya kai gida da ransa, washegari dagacinsu ya miƙa shi ga hukuma, ya kuma nuna inda ya yar da injin. Shi ya ɗauka, bai musa ba, maganarsa tana gaban alƙali. Na faɗi wannan ne saboda masu zuwa dubiya suna cewa wataƙila ma ba shi ba ne, don su sanyaya mini rai. Shi ne. Ban ga abin da hakan ya canja ba. Jabiru ya karɓi injinsa, ya dasa albasarsa, har yau bai taka ƙofar gidana ba. Wasu masu biki sun aiko cewa sun samu wani mai hoton.

Marigayiyar ta rasu ta bar rimot ɗaya mai tsagewa a goshi, da batira biyu marayu da har yanzu cike suke da caji ba su san abin da ya faru ba, da caja, da jakar da ba ta shige wa kowa sai ita, da farfela sababbi da ba ta taɓa sawa ba. Ta tafi da hotunan wani ɗaurin aure a cikinta, muna ba ango da amarya haƙuri. Ta kuma bar ni.

Jiya da rana wata tsohuwa ta yi sallama, ta tako tun daga Nariya, da 'yar ƙwaryar gyaɗa a kanta. Ta ce sunanta Khadijatu, ita ta haifi Habu. Ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana kallon hannuna.

"Ɗan nan, an ce abin naka ya mutu."

Na ce, "Ya mutu, Iya."

"Ni ban san yadda ake gaisuwar irin wannan ba," in ji ta. "Na dai ce ba zan zauna ba."

Ta ƙi shan ruwa sai da Saudat ta rantse mata.

Game da jana'iza, mun tuntuɓi Malam Liman, ya ce ƙarfe da roba ba a yi musu wanka ko salla, kuma kada a sake a ɓata likkafani. Mun ji mun bi. Abin da ya rage na marigayiyar, dunƙulen baƙar roba da wayoyin taya suka nannaɗe, wanda Bappa ya tattaro a cikin buhu, za a sa shi a gwangwanin fenti a rufe, domin wani mai gyaran waya ya ce ƙonannen batir guba ne, kada a kai shi gona ko kusa da rijiya. Za a binne ta a bayan shagona ranar Asabar bayan la'asar. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar shagon har magariba. Ba a dafa komai ba, sai gyaɗa. Waɗanda suka halarci rasuwarta, ƙofa a buɗe take gare su, ba za a kira sunan kowa ba, a dai zo hannu sake, ba gora ba adda.

Ni ba zan iya riƙe shebur ba. Iya Khadijatu ta roƙi a bar ta ta zuba ƙasar farko, kuma iyalan marigayiyar sun amince.