Mai Hoton da Ya Goge Taurari

"Ni fa hoto bai taɓa shiga shagona da aibi ya fita da shi ba!" Haka mai hoton layinmu yake cika baki kullum. Kuma ba ƙarya yake ba, abokina. Kai masa hoton kakarka, zai goge mata tamoji har ka ji kana son ka nemi aurenta. Shi ya sa muke ce masa Goge-Goge.

Wata safiya ƙanwar matarsa, mai karatun ilimin taurari a jami'a, ta kawo masa filash na kwamfuta mai ɗauke da hotuna. Hotuna biyu take so a buga mata manya, don da rana za ta tsaya gaban malamai ta kare bincikenta. Ta ce in aikin ya yi kyau, Farfesanta zai riƙa turo masa duk aikin sashensu. Gogan naka kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wannan aiki.

"Yaya, bugawa kawai za ka yi. Don Allah kada ka taɓa komai."

"Ke, tun kina zanin goyo nake sana'ar nan. Je ki abinki."

Ya buɗe hoton farko a kwamfuta. Sama ce baƙa ƙirin da taurari fari-fari, a tsakiya kuma ga wani ɗan jan tabo dishi-dishi kamar an murje sauro.

"Dubi ƙazanta! Masu digiri, amma goge gilashin kyamara ya gagare su."

Dannawa ɗaya, tabo ya ɓace.

Na biyun dogon zirin launuka ne irin na bakan gizo, sai dai wasu siraran baƙaƙen layuka sun tsattsaga shi. Ya yi tsaki, ya ce na'urarsu ta tsufa. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, gumi na ɗiga, har zirin ya yi sumul. Ya buga, ya rataye a ƙofar shago, yana kiran masu wucewa su zo su ga aiki.

Saura awa guda ta shiga gaban malamai sai ta dawo, Farfesa na biye da ita.

"Ranka ya daɗe, har gyara na yi muku kyauta," in ji Goge-Goge, baki har kunne.

Yarinya ta dafe ƙirji. "Yaya, ina gungun taurarina?"

"Ga taurari nan rututu!"

"Jan nan na tsakiya! Shekara uku nake bincike a kansa!"

"Au, dattin nan?"

Farfesa ya gyara tabarau. "Malam, dattin nan taurari ne biliyoyi, nisa ne ya ƙanƙantar da su. Ba mai iya zuwa can. Haskensu muke tarowa, mu baje shi launi-launi. Layukan da ka goge su ne ke gaya mana sinadaran da ke cikinsu, da irin gudun da suke yi suna nisantar mu."

Amma bakin Goge-Goge bai mutu ba. Ya zaro biro da rula.

"Abu mai sauƙi! Layi nawa kuke so? Har in ƙara muku biyu."

Yarinya ta fizge filash ɗinta, idonta cike da ƙwalla, ta tsallaka titi da gudu zuwa wani shagon. Farfesa ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya girgiza kai.

"Shekara biliyan biyu hasken nan yana tafe, ba abin da ya tare shi a sararin Allah. Sai da ya iso shagonka."