Karas ne ya kai ni sahun gaba

Jiya na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba: na tafa wa ɗan siyasa har tafin hannuna ya yi tsami. Yau da asuba da ƙyar na riƙe buta. Waɗanda suka hango ni a filin ƙwallon unguwarmu, a sahun gaba, ina ɗaga hula ina kirari, na san tuni sun kai labari majalisa cewa an saye Malam Sammani. To, ku ji ta bakina kafin ku yanke hukunci. Ba wanda ya saye ni. Karas ne ya kai ni.

Mahaifiyata, wadda duk Ƙofar Sauri ke kira Inna Delu, ta yi doguwar jinya a daminar nan. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. Haƙora kuwa da ma sun daɗe da yi mata sallama, saura biyu, su ma ba sa ga maciji da juna. Koko kaɗai take kurɓa, ludayi biyu ta ture kwano. Zoben azurfar da yake hannunta tun kafin a haife ni ya fara zamewa, sai da matata Baraka ta naɗa masa zare. Ranar da na ga zaren nan gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Likita ya ce magani ya yi nasa, saura abinci. A nemo karas da kankana da lemo da gurji, a matse ruwan a riƙa ba ta. Baraka ta daka karas a turmi, ta tace da rariya, ta kai mata. Inna ta kurɓa sau ɗaya ta yamutsa fuska.

"Wanga ai miyar kuka ce ta yi ja. Daddawa da barkonon turminku duk suna ciki. Ɗauke abinki, ɗiyata, Allah shi yi maki albarka."

Shi ya sa na shiga kasuwa na sayo ɗan injin matse kayan marmari, irin mai arahar nan na roba. Baki gare shi a sama inda ake zura karas, da ɗan hanci a gefe inda ruwan ke fitowa, tuƙar kuma ta taru a baya. Mai shagon ya yi mani gaskiya, abin da ya yi wuya a zamanin nan. Ya ce araha ba ta ado: a yanka komai ƙanana, in ya ɗan yi aiki ya ɗau zafi a kashe shi ya huta, in rariyar ciki ta toshe a cire a wanke. Wato inji ne mai halin ma'aikacin ofis, hutunsa ya fi aikinsa.

Za ku ce ina na ga wutar da zan kunna shi. Kun yi tambaya. A makon da soja suka koma bariki, taransifomar unguwarmu ita ma ta miƙa mulki. Ta yi ƙara, ta yi hayaƙi, ta yi shiru, har yau ba ta sake cewa uffan ba. Dogarona yana kan maƙwabcina Babaji tela, mai ɗan janareto. Ya ce in kawo mai kawai. Na ɗauki jarka na bi layin gidan mai tun hantsi, rana ta gasa mani ƙeya har la'asar, da na iso gaba aka ce an hana sayarwa a jarka, doka ce daga sama. A tsallaken titi kuwa ga 'yan bumburutu sun jera jarkoki cike fal, ko su daga wata saman tasu dokar ta sauko, oho. Kuɗin da suka faɗa mani, da na biya, da sai dai mu matsa wa Inna iska. Na koma gida, inji ya zauna a kan kabad kamar kayan jeren amarya, karas yana yaushi a kwando.

Ana nan sai ga sanarwa a mota mai lasifika: Mai Girma Bango Majinginar Talakawa, Hadarin Gabas Mai Cika Rumbu, zai zo da kansa ya ƙaddamar mana da sabuwar taransifoma, cikin romon dimokuraɗiyya da ake rabawa. Na yi hamdala. Na tafi shagon Babaji in yi masa albishir, na same shi yana dariya shi kaɗai.

"Malam Sammani, halan ba ka san taransifomar ba? Koriya ce, da ɗan lotso a gehen hagu. Watan jiya ita aka ƙaddamar wa surukaina a Ƙofar Ƙaura."

"To mi ya hito da ita daga can?"

"Ƙahwahunta. Tana da mota tata. A bayan rumfa ake ɓoye wani ƙaton janareto, a jona shi da wayar layin da ke kusa. Mai Girma na danna maɓalli ƙwan lantarki ya kama, a yi tafi. Yana rufe baki a kashe, a kwashe kaya a yi gaba. Tsawon jawabi, tsawon wuta."

Wani zai ji wannan ya yi fushi. Ni ma na yi, na ɗan lokaci. Amma fushi ba ya matse karas, kuma gidana yana kan layin da ke kusa da filin. Iya ruwa fid da kai. Muka raba aiki: mata su tsaya a gida kowace da abin da za ta jona, maza mu tafi fili mu tabbatar bakin Mai Girma bai rufu ba. Babaji ya bar wa iyalinsa tulin kayan guga. Wasu niƙa, wasu cajin fitila. Ni kuma muka yi da Baraka cewa in ta gama, ta shanya jan zanenta a kan katanga inda zan hango daga filin.

Mai Girma ya iso bayan azahar da jerin motocin da ko ɗaya ban taɓa gani a layin mai ba. Aka yanke ƙyalle, ya danna maɓalli, ƙwan da aka rataya a rumfa ya kama. Daga can cikin unguwa na ji guɗa, na san aiki ya kankama. Ya fara jawabi, ya ce duhu ya ƙare, ya ce ya gama gyara hanyarmu, wadda a kanta ne motarsa ta kusa kafewa da zai shigo. Muka tafa. Da alama yana sauri, domin ko gumi bai yi ba sai na ji ya ce, "Daga ƙarshe..."

Na waiga katanga. Ba zane. A lissafina ko kankana ba a kai ba, injin yana hutunsa na farko. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka shi daɗe, ba ka yi mana maganar ruwa ba. Kunnuwanmu ba su ƙoshi ba."

'Yan rakiyarsa suka yi mani wani kallo, amma shi fuskarsa ta washe. Ya gyara babbar riga ya ba mu ruwa: famfo a kowane lungu, har da na alwala daban. Ya sake cewa daga ƙarshe, Babaji ya miƙe ya nemi asibiti. Aka gina mana asibiti nan take, hawa biyu. Wani dattijo da ban taɓa jin ya yi magana a taro ba ya tambayi takin zamani, shi da ba shi da ko taƙin gona, ashe matarsa ce ke niƙan gero. Mamman maroƙi, wanda muka yi wa alkawarin kofi guda na ruwan kankana, ya riƙa tsinka jawabin da kirari, yana jan kowane suna kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

Ku zo ku ga ikon Allah. Mutanen da in limami ya ɗan ja huɗuba suke gyaran murya, su ne ke roƙon a ƙara. Mai Girma ya bi alkawuran da ya zo da su ya ƙarar, ya shiga na ajiya, har ya yi mana alkawarin gyara hanyar da ya ce ya gama gyarawa a farkon jawabin. Muka tafa mata ita ma, ai hanya ba ta ƙin gyara biyu. Can muryarsa ta fara rawa, ya ciro hankici ya share ido, ya ce duk yawonsa bai taɓa ganin jama'ar da ke ƙaunarsa tsakani da Allah irin ta Ƙofar Sauri ba. A nan kam na ɗan ji kunya, amma da na tuna zaren zoben nan sai na ƙara ƙarfin tafi.

Ana kiran la'asar jan zane ya hau katanga. Na sauke hannu, na mayar da hulata, na sulale. Ban kai ƙofar gida ba na ji janareton ya yi shiru.

Na tarar da Baraka ta haɗa gumi, ga tuƙar karas tuli guda akuya tana biki, ga kwanon sha cike da ruwa jawur, karas da lemo da ɗan kankana. Ta ce sau uku injin yana ɗaukar zafi, tana yi masa fifita da mafici tana sauraren lasifika.

"Malam, da na ji ya ce daga ƙarshe ɗin nan na farko, saura kaɗan in yi kuka. Sai na ji muryarka."

Muka kai wa Inna. Ta shinshina, don ba ta manta da turmi ba, ta kurɓa, ta sake kurɓa. Ba ta sauke kofin ba sai da ta ga gindinsa, ta miƙo a ƙara. Rabon da in ga ta nemi ƙari tun kafin damina. Na juya na fita tsakar gida kamar zan kori akuya, don kada Baraka ta ga idona. Daga ɗaki na ji Inna tana tambaya wa ya kawo wuta, aka gaya mata yadda aka yi.

"To Allah shi ƙara mashi yawan magana," in ji ta. Duk muka ce amin, kuma ban taɓa yi wa wani babba addu'a da zuciya ɗaya kamar wannan ba.

Kafin magariba motar taransifoma ta wuce ta ƙofar gidana, koriya da lotsonta a gefen hagu, an ɗaure ta da igiya kamar saniyar da za a kai kasuwa. Sauran ruwan Baraka ta zuba a kwalba ta jiƙa a randa, amma in ba firiji ba ya kwana biyu. Wanda Inna ta sha yau da safe shi ne na ƙarshe, kuma ta riga ta tambayi na gobe.

Babaji ya binciko mani cewa ranar Alhamis garin Batagarawa za a kai wa haske na har abada. Yana da ɗan'uwa a kan layin da ke kusa da filin taron, ɗan'uwan ya ce Baraka ta zo da injinta, soket ɗinsa lafiya lau. Na riga na sayi karas, na wanke hula, ina shafa wa hannu man kaɗe.

Saboda haka in kun ji a rediyo cewa farin jinin Mai Girma ya kai har magoya baya suna bin sa gari gari, kada ku ƙaryata, da gaskiyarsu. In kuma kun hango ni a sahun gaba, kada ku tsaya zagi. Ku zo da kofinku, ku taya ni tafi, ku tanadi tambaya mai tsawo. Ni ta makarantu zan yi masa, an ce ita ce ya fi daɗewa a kai.