Bankwanan da na yi wa Ƙofar Mata

Lokacin da karofinmu na Ƙofar Mata ke cike da marina, wani malamin jami'a ya sa sunana a takardar neman tallafin bincike daga Turai, kan rinin baba. Ya ce in an dace za mu tafi can tare, amma mu jira amsa. Ni ban jira ba. Na ɗinka sabuwar riga, na bi gida-gida ina bankwana da neman gafara, kamar maniyyaci. Har na shaida wa maƙwabcina Alhaji Sani cewa shaddarsa da na ce ruwan sama ya ɓata, ni na manta ta a ramin rini.

Bayan wata biyar amsa ta zo, ba a ɗauke mu ba.

Har yau, in mun fito masallaci, sai Alhaji ya riƙe hannuna: "Sannu da hanya, Malam! Can ma ruwan yana cin shadda?"