Kar Ka Kira Sunana

"Lafiya lau na tashi, amarya. Ke ce dai ban tabbatar ba, ko ke ce ko mafarki."

"Mafarki ne zai taka har kasuwa cikin ranar nan ya sayo maka man shanu? Matsa ka ba ni wuri, Pola."

Ina barandata ina ɓare masara nake jin su, don katangarmu ɗaya da tsoho Wangdu a sansaninmu na 'yan Tibet a kudancin Indiya. Yangzom jikarsa ce, Pola take ce masa, wato kaka da yarenmu, ita kaɗai ta rage masa a gidan, kuma ranar Alhamis za ta tashi Kanada aikin jinya. Kowa ya sani, shi ne dai ya hana a ambata a gabansa. Wata bakwai ke nan yana zarya wurin wani lama, malamin addininmu na Buddha, yana koyon yadda mutum zai gane mafarki yake tun yana ciki, har ya juya shi inda ya so. An ce masa da rana komai ya gani ya ce mafarki ne, don zuciya ta saba. Ni abin ya ishe ni. Jiya akuyata ta cinye masa alayyafo tas, yana tsaye a kanta yana ce mata mafarki ce.

"Wannan ne man? Fari fat kamar fuskar mai jinya. A ƙauyenmu ko takalmi ba a shafa wa wannan."

"To shiga mafarkin naka ka sayo na ƙauyenku. Ai an ce yanzu kai kake tuƙa barci."

"Ina tuƙa shi mana. Jiya ma na sake ki, na auro wadda ta iya kaɗa shayi."

"Wace marar rabon? Da haƙoran nan uku? Ko a mafarki sai ta gudu."

"Huɗu ne. Ƙirga ma ba ki iya ba, wai ke za ki ba mutane magani."

"Lama ya ce ka kwanta ta dama irin kwanciyar zaki. Ni kuwa abin da nake ji daga ɗakina ba zaki ba ne, injin niƙa ne."

Ta kaɗa shayin da man da gishiri, ta zuba masa a ɗan akushinsa na katako, abu ɗaya tak da ya tsallako duwatsu da shi daga Tibet yana yaro. Sannan ta zauna a dokin ƙofa.

"Tsakani da ni da kai, tsoho, ka taɓa dacewa ko sau ɗaya?"

"Sau uku."

"Ƙarya. Ta yaya kake ganewa?"

"Dusar ƙanƙara. Shekara sittin da biyar ina garin nan mai zafi ban ga saukarta ba. In na gan ta a kafaɗata, na san barci nake. Sai in bi kogi, in hau tudu, ga gidanmu."

"Sai me?"

"Ga ƙofa, ga hayaƙi, ga uwata ta ba ni baya tana kaɗa shayi. Lama ya ce kar zuciya ta yi tsalle, in ta yi mafarkin ya tsinke. Ni kuma ba na iya daurewa, sai in kira ta. Kafin ta juyo na farka, ga fanka tana juyi a kaina. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na baro ta a ƙofar nan. Fuskarta ta ɓace mini, hoto kuma babu. Ita nake zuwa gani."

Na ajiye masarar, don tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Yangzom kuwa ta ce:

"Ka gani ko? Surutu. Tun can shi ne ciwonka."

"Kin gada ai. Inda za ki ma an ce dusar wata biyar take sauka. Mu da muka rasa ta muna nan muna gumi, ke da ba ki san ta ba kin samu. Ki je ki yi ta wanke tsofaffin wasu."

"Ka ce kar in tafi mana."

"In ce? Ki zauna kina ɓare masara har ki koma irin wannan ta maƙwabta?"

Ni ke nan fa. Bai kuwa yi ƙarya ba.

Ya shanye shayin, ya lashe akushin tas yadda muke yi, ya goge shi da gefen riga ya miƙa mata.

"Riƙe, ki tafi da shi. Daga Alhamis ina da sabuwar alama. In na ga akushin nan a hannuna, kina zuba mini wannan mugun shayin naki, na san barci nake."

Ta yi dariya, irin wadda gara kuka da ita, ta karɓa da hannu biyu.

"Ka ci, tsoho, na sallama. Amma ji sharaɗina. In na zo, ka riƙe bakin nan naka. Kar ka kira sunana. Ka bari in juyo da kaina."

Ya daɗe yana kallon fuskarta, ko ƙiftawa ba ya yi. Ran nan dai bai ce mata mafarki ce ba.