Yadda Na Gaishe Da Ɗan Majalisa

Kada a ɗora wa kowa laifi, ni ne wawan wannan labari.

Ƙungiyarmu ta tsofaffin Badarawa na neman dokar da za ta rage wa masu hawan jini tsadar magani. Wata gidauniya ta samo mana minti biyar wajen ɗan majalisar tarayya a gidansa na Unguwar Rimi. Jami'arsu, Malama Rabi, ta ce in gwada jawabina tukuna. Na ce, "'Yata, ni da na yi aji huɗu na elemantare? Tun ba a haife ki ba nake magana da manya."

Da muka shiga, na tambayi lafiyarsa, da ta iyali, da gajiyar hanyar Abuja. Na yi masa ta'aziyyar kawunsa, na tuna masa ni na ɗinka wa mahaifinsa rigar aure. Malama Rabi sai tari take yi. Ina zaro takardarmu, ya duba agogo, ya miƙe, ya ce Allah ya bar zumunci.

A cikin keke na ce, "Ai dai ya ji daɗin zuwanmu."

Abokina Malam Audu, wanda muka je tare, ya ce, "Ƙwarai. Gobe in jininka ya hau, sai ka haɗiyi gaisuwa, biyu safe, biyu yamma."